Yadda Na Shanya Garin Maganin 'Yata a Indiya

Ni ba mutumin tafiya ba ne. Shekara talatin da wani abu ina wankin hula a unguwar Gomari ta Maiduguri, kusa da filin jirgi, jirgi yana wucewa ta kaina safe da yamma, ban taɓa sha'awar sanin yadda cikinsa yake ba. Ko Kano, garin mahaifina, in zan je sai na kwana uku ina kwance jaka ina sake ɗaurewa. Matata Yagana takan ce da damuwa sana'a ce, da tuni na gina bene a Maisandari. Amma sai ga ni zaune a filin jirgin Addis Ababa, haƙorana suna kaɗawa don sanyi, na rungume wata 'yar jaka mai kwalabe uku na farin gari kamar mai rungume da jariri.

Kwalaben na 'yata Hajara ne. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake kiranta. Ta karanta haɗa magunguna, tana digiri na uku. Ni a firamare na tsaya, amma ta yi mini bayanin aikinta sau da yawa har na riƙe wani abu. Ta ce ainihin maganin da ke cikin ƙwaya ɗan mitsitsi ne, sauran duk ciko ne. Cikon da take bincike a kai dangin sukari ne, amma ba na shayi ba. Yana da zaƙi, yana da ɗan sanyi a harshe, kuma da shi ake yin ƙwayar da ke narkewa a bakin yaro ba sai an ɗura masa ruwa ba. Ɗaya sunansa manitol, ɗaya sobitol. Da na ga sunayen suna rikice mini, sai na ɗaura wa manitol jan zare a wuya, sobitol koren zare.

Kwalba ta uku, mai shuɗin zare, ita ce rai. Waɗancan biyun ana sayarwa a ko'ina. Wannan kuwa haɗin Hajara ne da hannunta: ta gauraya su biyun ta lulluɓe su da ƙaron da ake kawowa daga dajinmu. Wata takwas tana fama, wuta tana ɗaukewa tana lalata mata aiki, kafin ta samu abin da bai fi cokali huɗu ba. Abin da ya rage shi ne a duba ƙwayoyin garin a wani babban madubin likita da ba mu da shi, a ga kamanninsu. Wata jami'a a kudancin Indiya ta ba ta rana ɗaya tak a kan injin, wata Alhamis. Yagana ta ce 'yarta ba za ta ƙetare teku ita kaɗai ba. Dangi suka duba, suka rasa wanda zai hana ido barci a kan yarinya da kayanta kamar ni.

A Addis ɗin muka yi awa tara muna jiran wani jirgi. Lokacin salla ya yi, na rasa yadda zan yi alwala da jaka a ƙirji. Hajara ta tafi ɓangaren mata. Wani dattijo ɗan Chadi da ke kusa da ni, mai fataucin yadi, ya daɗe yana kallona. Ya yi mini magana da Larabcin Shuwa irin wanda muke ji a kasuwa.

"Ya Hajj, zinare ne a ciki?"

Na ce, "Ya fi zinare."

"To kawo in riƙe maka. Ni ma ina da 'ya'ya."

Na miƙa masa, na yi taku uku, na dawo na karɓe. Na sake miƙa masa. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Na yi alwalar da ban taɓa yin mai sauri irinta ba, ina wanke ƙafa ina leƙe. Da na dawo na same shi ya ɗora jakar a cinya ya rufe ta da gefen rigarsa don kada sanyi ya kama ta. Ya ba ni dabino da kilishi. Har yau ban san sunansa ba.

Zango na biyu Mumbai, kuma can ne na ga tashin hankali. Tun a gida maƙwabcin shagona, Malam Bulus, tsohon akawu, ya ce mini, "Habu, farin gari za ka ɗauka ka shiga ƙasar mutane? Sai mun zo ziyara gidan yari." Wasa yake yi, amma maganar ta zauna mini a ciki. Da jakar ta wuce ta cikin na'ura, wani jami'i mai gashin baki kamar tsintsiya ya ɗaga hannu. Gumi ya jiƙe mini riga har Hajara ta raɗa mini, "Baba, don Allah ka daina kama da mai laifi."

"Uwata, yaya marar laifi yake tsayuwa? Nuna mini."

Ta fito da takardu masu hatimi, ta yi ta Turanci. Aka kawo kare. Ya sansana jakar, ya yi atishawa, ya juya ya tafi abinsa. Maimakon in yi murna, sai na shiga lissafin inda hancinsa ya taɓa da yadda zan wanke wurin. Jami'in ya gama karanta takardu, sai ya tsaya yana kallon kaina. Ya tambayi Hajara wani abu. Ta ce, "Baba, hularka yake tambaya. Wai yaya aka yi ta tsaya haka ba ta lanƙwashe ba bayan kwana a jirgi?" Na ce ta gaya masa aikina ke nan. Ya roƙa ya ɗora ta a kansa, abokin aikinsa ya ɗauke shi hoto. Ta yi masa kyau kuwa, sai dai ya sa ta a karkace. Da hannuna na gyara masa.

Daga nan wani jirgin ya sauke mu a Kochi, a bakin teku, a tsakiyar daminarsu. Ni na ɗauka na san ruwan sama. Namu yakan zo da fushi, ya yi abin da zai yi, ya tafi. Nasu ba ya fushi, ba ya kuma tafiya. Muka fito sai ga Keke Napep ta ko'ina, na ce ashe nan ne garin iyayensu. Muka shiga ɗaya. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta komai a ciki, don ban yarda da kaina ba: lokacin da muka tashi, lokacin da muka sauka, abin da na gani a hanya ko da za mu ɓace. Na rubuta allon wata mata mai sarƙar zinare a wuya. Can an jima na sake ganinta. Na ce ko 'yan biyu ne. Da na gan ta karo na uku, na taɓa kafaɗar direba, na nuna masa matar, na ɗaga yatsa uku. Ya dube ni ta madubi, ya kaɗa kai irin nasu wanda ba ka sanin i ne ko a'a, ya fashe da dariya. Ashe zagaye yake yi da mu, kafin minti biyar muna ƙofar masaukinmu. Hajara ta ce, "Baba, yau damuwarka ta yi rana."

Ɗakuna biyu muka samu a saman gidan wata tsohuwa. Kwana shida na farko ban ga rana da idona ba. Hajara takan fita da safe zuwa jami'a tana koyon yadda ake shirya gari kafin a sa shi a inji, ni kuma in zauna in yi gadin kabad ɗin da kwalaben suke ciki, don ba a karɓar kayan gwaji sai ana gobe aiki. Abincinsu duk kwakwa ce: a miya kwakwa, a shinkafa kwakwa, a kifi kwakwa. Na yi kewar burabusko da miyar yakuwa har na fara jin ƙanshin bandar kifi a hancina ba gaira ba dalili. Na yi kewar zafin da kullum nake zagi. Na wanke hula ɗaya na rataye, kwana uku tana nan da danshinta kamar mai gaba da ni.

Abin da ya riƙe ni shi ne wani mutum a bakin layinmu, Gopalan. Mai guga ne, yana da amalanke a ƙarƙashin tamfol, da dutsen guga na gawayi wanda ya ninka nawa biyu. Ranar farko na tsaya daga nesa ina kallon hannunsa. Rana ta biyu na matsa. Ya ga yadda nake duban wuyan rigar da yake gogewa, sai kawai ya miƙo mini dutsen. Na tofa ɗan yawu a yatsa na taɓa gindinsa, na ji zafin, na goge wuyan rigar daga baki zuwa tsakiya. Ya ɗaga ta ya duba, ya dafa ƙirjinsa. Shi ke nan muka zama abokai. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, amma mun yi hira mai tsawo a kan sitaci. Shi da ruwan shinkafa yake yi. Na kawo masa ɗan ƙaron da na taho da shi, na nuna masa yadda muke jiƙa shi mu shafa wa hula. Ya ba ni shayi, na ba shi goro. Ya tauna, ya yamutsa fuska, ya haɗiye don kunya.

Ranar Talata, saura kwana biyu a hau inji, Hajara ta fita tana cewa, "Baba, ka huta, kada ka damu da komai." Wannan maganar ita ce ke tayar mini da hankali a duniya. Tana fita na buɗe kabad don in ɗauki takalmina na fata. Sai na gan shi ya yi kore shar da fumfuna, kamar burodin da ya kwana bakwai. Na sa hanci a kabad ɗin, warin danshi ya buge ni. Kwalaben Hajara kwana shida ke nan a wannan wuri! Suna cikin wata roba tare da 'yan ƙunshin duwatsu masu shan danshi, waɗanda na san shuɗaye ne da muka taho. Yanzu sun koma ruwan hoda. Na ce shi ke nan, danshi ya cinye masu gadi, saura masu gida.

A daidai wannan lokaci, kamar an aiko ta, rana ta fito. Ta faɗo ta taga, fara tas, har bene yana tururi.

Duk wanda ya tashi a Maiduguri ya san abin da ake yi wa abin da ya sha danshi. Shanya shi ake yi. Barkono, kuɓewa, katifa, gero, takardun makaranta, duk maganinsu ɗaya. Ko a tsakiyar damina, in rana ta leƙo, kafin ka gama shan shayi abu ya bushe ƙayau. Ban taɓa jin inda rana ta fito ta jiƙa abu ba. Na yi tunanin kiran Hajara, na ce a'a, tana gaban malamai, kada in kunyata ta da ƙaramin abu. Ai abin da aka turo ni yi ke nan.

Na ari 'yan faranti uku na shayi, na wanke, na goge, na sake gogewa. Na ɗaura wa kowanne zarensa a gefe. Sai dai akwai wata ɗabi'a da na gada a wurin maigidana da ya koya mini sana'a: ba a jiƙa ƙaro duka a tashi ɗaya, rabi ake ɗiba a bar rabi. Hannuna da kansa ya yi haka. Na zuba rabin kowace kwalba a farantinta, na murɗe murafen da ƙarfi, na mayar da su roba. Na jera farantan a bakin taga, na rufe su da ƙyallen gidan sauro saboda tururuwa. Na rubuta a littafina: tara da minti goma. Na jawo kujera na zauna ina kora ƙuda, ina jin daɗin kaina. Har na fara shirya yadda zan ba Yagana labari.

Sha ɗaya da minti arba'in na ɗaga ƙyallen. Na rubuta lokacin kafin in duba, don haka na saba. Mai jan zare yana nan yadda na zuba shi. Mai shuɗin zare, na Hajara, ya dunƙule, ya yi gudaji-gudaji kamar garin da raɓa ta sauka a kai. Mai koren zare kuwa ya yi gumi. Yana ƙyalli, yana danƙo, gefensa ya fara zama ruwa kamar zuma. Na taɓa shi da bakin cokali, ya biyo cokalin.

Sai a lokacin hular nan da ta ƙi bushewa kwana uku ta faɗo mini a rai. Ranar ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Iskarsu ruwa ce da ba a gani. Na ɗauki aikin wata takwas na miƙa wa ruwa da hannuna.

Zan faɗi abin da ban so faɗa ba. Na buɗe robar, na ɗauko kwalba mai shuɗin zare, na riƙe cokali. Zuciyata ta ce: murƙushe gudajin, mayar da shi ciki, girgiza, fari ne a cikin fari, wa zai sani? Na daɗe a tsaye. Hannuna yana kan murfi. Abin da ya tsayar da ni shi ne muryar maigidan nan nawa, Allah ya jiƙansa, ranar da na ƙona hular wani attajiri ina yaro na juya ƙunar ciki. Bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Habu, hular da ka ƙona, kai za ka faɗa kafin mai ita ya gani." Na ajiye cokalin. Na mayar da kwalbar ban buɗe ba.

Amma ban haƙura ba. Na ce in rana ta ƙi, ai wuta ba ta ƙi ba. Na juye farantan jan zare da shuɗi a 'yan ledoji daban-daban na ƙulle, na ɗauki na koren zare na ruga wurin Gopalan, don ba a ɗora dutse a hular mutane sai an gwada a tsumma. Na nuna masa garin, na nuna dutsen guga, na yi ta hura iska da baki. Ya gane. Ya yanko ganyen ayaba, muka ɗibi rabin garin muka zuba a kai, ya ɗora a bayan dutsen. Muka sunkuya mu biyu muna kallo kamar masu jiran haihuwa. Garin ya yi shiru, ya yi laushi, ya narke gaba ɗaya ya zama ruwa mai yauƙi. Gopalan ya dube ni. Ya dangwala yatsa ya lasa. Idonsa ya buɗe, ya kaɗa kai, ya sake dangwalawa. Ina cikin halin da hawaye ke bakin idona, amma wallahi sai da na yi dariya. Ya zuba sauran narkakken a shayinsa, ni kuma na ƙulle rabin da ba mu ɗiba ba a leda.

Hajara ta dawo bayan la'asar da fara'arta, ta sayo mini ayaba soyayya. Na ce ta zauna. Na jera ledojin a gabanta, da kwalaben, da littafina a buɗe. Na faɗa mata tun daga takalmi har zuwa shayin Gopalan, ban rage komai ba. Ta ɗaga ledar shuɗin zare ta duba ta a haske.

"Baba, shanyawa ka yi?"

"Shanyawa na yi, Uwata."

"A Kochi. Da damina."

"Rana ce ta fito."

Ta rufe fuska da gyale. Na ɗauka kuka take yi, kuma kukan ne, amma akwai wani abu a ciki mai kama da dariya. Can ta ɗago da sauri. "Tsaya. Ka mayar da wani a cikin kwalba? Ko ƙwaya ɗaya?"

"Na yi niyya. Ban mayar ba."

"Baba, dube ni. Ka tabbata?"

"Ban buɗe ta ba tun da na rufe."

Ta saki numfashi, ta jingina da bango. Ta ce da na mayar, da duka ya tashi aiki, kuma da ba za ta sani ba sai hoton ya fito ta rubuta ƙarya a littafinta tana zaton gaskiya ce. Kwalaben ma, in ji ta, a rufe suke ruf, danshin kabad bai isa ya shiga ba. Yanzu abin da ya rage zai isa a duba a inji, amma babu na kuskure, babu na maimaitawa. Kuma dole ta gaya wa shugabar ɗakin gwajin dalilin da nauyin da ke takarda ya bambanta da na kwalba. Tsoronta kada matar ta ce ba su san aiki ba ta ba wani ranar.

Na ce, "Ni na yi, ni zan faɗa."

"Da wane Turancin?"

"Da naki."

Washegari na sa babbar rigata da hular da ta fi kowace tsayuwa. Shugabar, Farfesa Lila, wata 'yar ƙaramar mata ce mai furfura da tabarau a kan hanci. Na tsaya a gabanta na yi bayani da Hausa, Hajara tana juyawa. Da na zo wurin ganyen ayaba, na ga Hajara tana son tsallakewa, na ce, "Faɗa mata duka." Farfesa ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. Sai ta daina dariya, ta yi tambaya. Hajara ta ce, "Wai tsawon wane lokaci suka yi a taga?" Na buɗe littafina na nuna mata: tara da minti goma, sha ɗaya da minti arba'in. Ta ce duka ukun lokaci ɗaya? Na ce lokaci ɗaya, taga ɗaya, ƙyalle ɗaya. Ta karɓi littafin tana juya shafuka, ta ga har matar nan mai sarƙa sau uku. Ta ce da ɗalibanta suna rubutu kamar wannan dattijo, da ta huta. Sannan ta ce a kawo ledojin, a busar da su a hankali cikin wata tukunyar gilashi, gobe za a duba su tare da na kwalba.

Ranar Alhamis aka ce in cire takalmi in shiga. Ɗakin injin sanyi ƙalau, kuma a bushe yake. Karon farko tun da na sauka da na ji hancina ya buɗe. Hajara ta sa safar hannu, ta manna ɗan baƙin tef a kan wasu ƙarafa masu kamar maɓallin riga, ta barbaɗa gari kaɗan a kan kowanne, ta hure sauran. Wanda aka barbaɗa bai kai abin da ke maƙalewa a gefen cokali ba. Aka sa su a wata na'ura, suka fito da launin rawaya. Na tambaya, aka ce zinare aka fesa musu, siriri ƙwarai, don injin ya iya ganinsu. Na ce Allahu akbar, ashe ɗan Chadi bai yi ƙarya ba.

Sai hoto ya fito a allo, baƙi da fari. Ban san abin da na zata zan gani ba, amma ba wannan ba. Garin da na sani sumul a yatsa, ashe gari guda ne da unguwanni. Manitol ya fito kamar itacen girki da aka zube a ƙofar gida, dogaye, masu kaifin baki. Na taga da na kwalba ba su da bambanci. Sobitol na kwalba kamar sheƙar tsuntsu da aka saƙa da allurai, duk ƙofofi. Hajara ta ce ta waɗannan ƙofofin yake shan ruwa, shi ya sa yake narkewa da daɗi a baki, shi ya sa kuma yake lalacewa a shagon mai magani da damina. Aka sa sobitol na taga. Allurai sun tafi, ƙofofi sun toshe, komai ya narke ya haɗe kamar kyandir da ya kwana yana ci. Na sunkuyar da kai. Aikina ke nan.

Aka sa na Hajara, na kwalba. Ƙwallaye ne, zagaye-zagaye kamar 'ya'yan goruba, kowanne da fatarsa. Farfesa ta ce sun yi kyau. Hajara ta kama hannun rigata ba ta sani ba. Sai aka sa nata na taga. Na rufe ido, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sai na ji Hajara ta ce, "Baba. Baba, buɗe ido."

Ƙwallayen suna nan. Sun matso kusa da juna, sun manne a gefe-gefe, shi ne gudajin da na gani. Amma ba wanda ya fashe, ba wanda ya narke. Kowanne yana tsaye cikin rigarsa ta ƙaro. Farfesa ta sa aka jera hotunan biyu gefe da gefe, narkakken sobitol da ƙwallayen Hajara, ta daɗe tana kallo da hannu a haɓa. Ta yi magana mai tsawo. Hajara ta kasa juya mini nan take, sai da ta sha ruwa.

"Ta ce taga ba ɗakin gwaji ba ce, ba za a rubuta wannan a matsayin hujja ba. Amma ta ce abin da ta gani ya isa ta ba ni akwatinsu na auna danshi, da ƙarin kwana biyu a kan inji mako mai zuwa, in yi shi yadda ya kamata. Baba, wannan akwatin na roƙa tun daga gida aka ce babu wuri."

"Garin zai isa?"

"Rabin da ka bari zai isa, in ban yi atishawa ba."

A hanyar komawa masauki, cikin Keke, ruwa yana dukan tamfol, ta ce, "Ka san inda na samo maganar ƙaron nan? A shagonka. Ina 'yar firamare nake ganin hular da ka sa wa sitaci kawai tana saki da damina, wadda ka sa wa ƙaro tana tsaye." Na juya ina kallon titi don kada direba ya ga dattijo yana share ido. Da muka sauka na je na rungume Gopalan, da gawayinsa da guminsa. Bai san dalili ba, amma ya kaɗa kai, kuma a ranar na tabbata i yake nufi. Ranar da za mu taho na bar masa sauran ƙarona da hula ɗaya.

Makon da ya biyo baya Hajara ta kai kwalaben jami'a ta kulle su da kanta. Ta ce ba don ba ta yarda da ni ba. Na ce na sani, kuma ko ni ne haka zan yi.

Yanzu hoton ƙwallayen nan yana rataye a shagona, sama da katakan da nake ɗora huluna. A ƙasansa, cikin ƙananan haruffan injin, an rubuta sunan da Farfesa ta sa wa samfurin: BABA. Malam Bulus ya sa tabarau ya duba ya ce duwatsun garinsu ne aka ɗauka daga jirgi. Da na ba shi labari, ya ce, "Wato kai kaɗai ne mutumin da ya je Indiya ya yi ɓarna aka ba shi lambar yabo." Yagana kuwa, in rana ta take, sai ta ce wa yara su ɓoye mata turaren wutarta kafin babansu ya shanya shi.

Washegarin dawowata na wanke hula bakwai, na shafa musu ƙaro, na jera su a ƙofar shago. Na duba agogo na rubuta. Kafin in gama gaisawa da maƙwabta sun bushe ƙayau, suna ƙara in ka ƙwanƙwasa. Na ɗaga kai na dubi ranar Maiduguri, na ce mata, "Ke kika ja mini, da kika saba mini da gaskiya. Amma na yafe."